Ganyen Zinare a Goshin Hula

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa muku: ni sojan ruwa ne da ruwa ba ya yi da shi. Da jirgi ya bar gaɓa ya fara 'yar rausaya, cikina ma sai ya fara tasa, kuma tasa ta fi ta jirgin. Tun ina ƙaramin hafsa manyana suka lura, suka tausaya wa masu wanke jirgi, suka mayar da ni sito. A nan na manyanta, tsakanin barguna da takalma da igiyoyi. Gashin kaina ya yi ritaya ya bar ni a bakin aiki, matata ta riga shi tafiya gidansu, muƙamina kuwa ya tsaya cak a Laftanar Kwamanda kamar an jefa masa anga, ƙarfen nan na tsayar da jirgi.

Wanda bai san aikinmu ba zai ce ai hula hula ce. Fara ce a sama, ga tambarin zinare a gaba da anga a tsakiyarsa, ga baƙin goshi mai sheƙi da ke tare wa ido rana. To a wannan goshin ake karanta mutum. Daga ƙaramin hafsa har zuwa irina, a share yake fes. In ka zama Kwamanda, sai a jera maka layi ɗaya na ganyen zinare a bakinsa. In ka kai Admiral, layi biyu. Ni kuwa da goshin hular da na kan, babu inda wani abu ke tsirowa.

Mai Zare ce ke ɗinka ganyen. Shagonta na kan titin da ke bayan ƙofar bariki, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo, ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fankar da ke kukan tsufa. Rabin manyan da nake sara wa, aikin hannunta ne a goshinsu. Bazawara ce. Mijinta Kyaftin ne, ciwo ya kama shi a tsakiyar teku, kafin jirgin ya iso gaɓa rai ya yi halinsa.

Ba zan ja ku da yadda aka fara ba. Da farko aiki ne ke kai ni wurinta da kwalayen huluna, daga baya na koma zuwa da hula ɗaya, daga baya na koma zuwa da kaina kawai. Ranar da na zauna ina ta kame-kame a kan tsadar barguna, ita ce ta ajiye allura ta ce, "Mai Sito, in aurena kake so ka faɗa, mai aski ya gaji da leƙe."

Na faɗa. Ta amsa. Saura Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifinta ce, ita ta raine ta tun tana goye, kuma a gidansu in Gwaggo ta ce dare ya yi, ko da azahar ne sai a kunna fitila.

Ranar da aka sa mini in je gaisuwa, daga ofis na wuce cikin farin kaki, na goge takalmi har ina hango sanƙona a ciki. Na shiga falo na rusuna na gaishe ta, na ajiye hulata a kan tebur kamar yadda muka saba in mun shiga ɗaki. Sai a lokacin na ga akwai wata hular a kan teburin.

Layi biyu.

Mai ita na zaune a kujerar da ta fi kowace laushi, yana kurɓar shayi. Admiral ne, shugaban dukan jiragen yankinmu, shi kuma matarsa ta rasu. Ban san lokacin da dugaduganna suka haɗe ba, na ƙame a tsakiyar falon mutane kamar sandar tuta.

"A'a, Sito! Zauna mana, ai nan ba bariki ba ne," in ji shi da fara'arsa. "Yaya barguna?"

"Suna nan lafiya, Yallaɓai."

Abin da na faɗa ke nan a gaban matar da nake so, wadda ke tsaye a bakin labule da tire a hannu. Barguna suna nan lafiya.

Da mugu ne da na ji sauƙi. Amma mutumin kirki ne, har matso mini da sukari ya yi.

A bayan Gwaggo akwai kabet na gilashi, kuma a cikinsa, tsakanin kofunan da ba a taɓa sha da su ba, hular marigayi Kyaftin ce a zaune, layi ɗaya, zinarenta ya dushe ya yi kore-kore. Gwaggo ta waiwaya ta dube ta, ta dubi ta Admiral, sannan ta jawo tawa da yatsa ɗaya ta juya ta.

"Ɗan nan, taka ba a gama ɗinkin ba ne aka ba ka?"

"An gama, Gwaggo. Haka take."

"Haka take." Ta gyaɗa kai. "Shekararka nawa a aikin?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Ikon Allah," irin wanda ake faɗa a wajen jaje.

Admiral ya yi gyaran murya, ya ce yana da taro. Na sake miƙewa na ƙame. Ya ɗauki hularsa, ya tsaya daidai labule ya ce wa Mai Zare zai aiko da ita a sabunta masa zare, sannan ya fita. Gwaggo ta bi shi da addu'a har motarsa ta tashi, kana ta dawo kaina.

"Ni ban yi makaranta ba, amma na iya ƙirga ganye. Yarinyar nan da hannuna na miƙa ta ga mai layi ɗaya. Duk taron da aka yi a barikin nan a kujerar gaba take zama, ana kawo mata ruwa a kofin gilashi. Kai a ina za ka zaunar mini da ita? Can baya wajen masu raba lemo?"

"Gwaggo..." Mai Zare ta fara.

"Ke rufe mini baki, da baƙo nake magana. Ranar da suka dawo babu shi, me suka miƙo mana? Waccan hular. Ita kaɗai ta rage mata ta nuna wa duniya ko ita wace ce. Yanzu mai layi biyu ya zo har ɗakina yana cire takalmi a ƙofa, sai in ce masa ya yi haƙuri, na ba mai barguna?"

Muryarta na rawa. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ba don daɗi take yankana ba, da gaske take tsoron kada 'yarta ta faɗo.

"Ba ƙin ka nake ba, ɗan nan. An ce ba ka sha, ba ka taɓa kayan gwamnati, kuma a sito wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka je ka zo mini da ganye, ko layi ɗaya ne. Sai mu zauna."

Na ɗauki hulata. Ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar, alhali babu komai a kanta.

*

Washegari yayan Mai Zare ya same ni a sito ina duba takalma. Dattijo ne mai sanyin magana, ya zauna a kan ƙullin barguna yana murza hannu.

"Malam, ni ba ni da ta cewa a gidan nan, kai ma ka gani. Amma ka yi mana rai. Tsohuwar nan ba ta da cikakkiyar lafiya, in ranta ya ɓaci jininta hawa yake. Ga babban ɗana yana neman shiga aikinku, kuma Yallaɓai Admiral ya ce a kawo masa shi. Kai mutum ne mai hankali."

Duk wanda aka ce masa mai hankali, to ana so ne ya matsa gefe. Na raka shi har ƙofa, na dawo na tsaya ina kallon takalman da babu ƙafa a cikinsu.

A aikinmu ganye ba ya tsirowa a kan tudu. Kafin a ɗaga mutum zuwa Kwamanda sai an ga ya yi zaman teku mai tsawo, ni kuwa nawa zaman bai kai a faɗa a cikin mutane ba. A lokacin akwai wani jirgin dakon mai da abinci da za a tura sintiri mai nisa, yana bin sauran jirage yana ciyar da su, tafiyar da ba a sa mata ranar dawowa ba. Ana neman hafsan da zai riƙe kayan ciki. Duk wanda aka tuntuɓa sai ya tuna yana da ciwon baya ko uwa mara lafiya.

Na shiga ofishin maigidana na ce a sa ni.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kai? Sito? Kai da ko kwalekwalen tsallaka tashar nan sai ka rufe ido?"

"Ni, Yallaɓai."

"Mace ce?"



"Mace ce," ya faɗa wa kansa. "To Allah ya ba da sa'a. Ka fitar wa kanka da bokiti biyu, ni zan sa hannu."

Na fito ina jin kaina kamar saurayi. Har tsalle na yi na haye kwatar bakin ƙofa, gwiwata ta tuna mini shekaruna.

*

Da la'asar na same ta ita kaɗai, ta sunkuya a kan katakon ɗinki. Zaren zinaren nan ba zare ba ne na gaske. Siririyar waya ce a nannaɗe, tana yanka ta gutsi-gutsi da ɗan almakashi, ta zura kowane gutsure a allura kamar dutsen wuya, ta kwantar da shi a kan ɗan ƙyallen da ta yanka siffar ganye. A gefenta hular Admiral ce, ta riga ta iso, tare da kwalin turare da ba a buɗe ba.

"Mai Sito, ka yi fushi da Gwaggo ko? Jiya ko waiwaye ba ka yi ba."

"Fushin me? Ai gaskiya ta faɗa. Kuma na samo maganin abin." Na ja kujera na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ki fara yanka mini nawa ganyen. Na shiga jirgin dakon nan da zai tafi sintiri."

Almakashin ya tsaya a hannunta.

Ni kuwa na ci gaba da zuba. Na yi mata bayanin yadda ake ƙarin girma, da waɗanda suka gudu, da abin da maigidana ya ce. Ban ankara ba sai da ɗigon ruwa ya faɗo a gefen baƙin ƙyallen, ta yi sauri ta ture katakon don kada ya taɓa zinaren. Ko a cikin kuka ba ta yarda aikin mutane ya lalace ba.

"Wa ya aike ka?"

"Ai kina nan Gwaggo ta ce..."

"Gwaggo za ka aura?"

Ta buɗe mini tafin hannunta.

"Miƙo hularka."

Na miƙa mata. Ta shafa tambarin da babban yatsa.

"Ka san abin da na gani ranar da ka fara shigowa nan? Wannan. Dubi yadda yake ƙyalli kamar jiya aka ɗinka shi. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin zinare ta mayar da shi kore. Ku maza kuna taƙama da koren nan, har wani in na ce zan canza masa sai ya ce a'a, a bar shi a san ya sha teku. Ni kuwa duk hular da ta zo mini da kore, na san akwai wata mata a wani gida da ta daɗe tana zuba abinci a faranti ɗaya."

Ta ja numfashi.

"Taka na ga ta tsufa, farin ya koɗe, amma tambarin bai san gishiri ba. Na ce a raina, yau ga mutumin da ke kwana a gidansa."

Ni da nake cusa tambarin nan a hammata in na shiga cikin 'yan teku, don kunya.

"Ba daɗewa zan yi ba," na ce.

"Shi ma haka ya ce." Hawayen ya ɓalle mata gaba ɗaya. "Ganyen da Gwaggo ke gogewa kullum a kabet, ni na ɗinka masa. Da hannun nan. Ina ɗinki ina murna, ban san tafiyarsa nake ɗinkawa ba. Daga ranar da ya sa shi jirgi ya zama matarsa, ni na zama mai gadin waya. In aka yi iska ba na barci. In mota ta tsaya a ƙofar gida gabana ya faɗi. Har ranar da motar ta tsaya da gaske, suka fito, babbansu na riƙe da hula hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ka janye, Mai Sito. Don girman Allah ka je gobe ka ce ka fasa."

"In fasa in ce me? A yi mini dariya a bariki, a yi mini a falon Gwaggo?"

"Ai da ma ana yi maka, kuma ba ka mutu ba."

Na ji wannan har cikin ƙashina.

Ta matso da kujerarta. "Ka bar ni da Gwaggo. Ni ta raina, na san inda ake kama ta. Za ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta tara mini dangi. In ta ga ban motsa ba za ta sauko. Lokaci kawai nake so ka ba ni, kana nan kusa, ina ganin ka kana wucewa da kwalayenka."

"Shi kuma wancan fa?" Na nuna hular Admiral da haɓa. "Shi ma yana nan kusa. Kullum turare, kullum mota. Ke kina can kina fama da Gwaggo, ni ina nan ina ƙamewa ina sara masa a ƙofar shagonki?"

"Turaren, ka ga an buɗe?"

"Yau dai ba a buɗe ba."

Ta dube ni kamar na mare ta. Da ana mayar da magana ciki da na mayar, amma ta riga ta fita, ta zauna a tsakaninmu.

"Yallaɓai," ta ce, ita da ba ta taɓa kirana haka ba, "faɗa mini tsakaninka da Allah. Don ni za ka hau jirgin nan, ko don ka ajiye hularka a tebur kusa da tasa ba ka ji kunya ba?"

"Don ke mana."

"To ga ni, na ce ba na so."

Fanka na ta kukanta a sama. A maƙwabta mai aski ya kashe rediyo.

"Ba zan shigo gidanku ta ƙofar baya ba," na ce. Tun a hanya nake tanadin wannan maganar, kuma ta fito da kyau, har na ji daɗin kaina.

Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙo mini hulata.

"To ka saurare ni da kyau, don kada gobe ka ce ban faɗa ba. In ka hau, ba zan jira ka ba. Ba fushi ba ne, ba yanga ba ce. Jiran ne ba ni da sauransa, na ƙarar da shi kaf a kan mutum ɗaya. Ina son ka, Allah shi ne shaida. Amma ba zan sake zama ina sauraren iska ba ko don waye."

Na yi murmushin manya. Na ce a raina, haka mata suke faɗa. Ni da aure ɗaya tak na yi kuma ya mutu a hannuna, ni ne masanin abin da mata ke nufi.

Na sa hula na fita. Mai aski na tsaye a ƙofarsa da aska a hannu, ko kunyar a ce ya saurara bai ji ba.

"Oga, koma ciki," ya ce.

Ban koma ba.

*

Ranar tashinmu matan mutane sun cika bakin tasha. Na yi ta baza ido har igiyar ƙarshe ta bar ƙasa. Ba ta zo ba.

Teku kuwa ba ta canza ra'ayinta a kaina ba. Makonnin farko a durƙushe na yi su. Sojojina na sara mini da hannu ɗaya, suna miƙo mini bokiti da ɗayan. Na rame har wando ya fara neman hanyarsa. Amma aikin na yi shi, babu jirgin da ya nemi mai ko abinci a wajena ya rasa.

In mun tsaya a wata tasha waya ta kama, nakan kira ta. Da farko tana ɗauka. Ba ta tambayar komai sai, "Kana cin abinci?" In ce ina ci. Ta ce, "To." Sai mu yi shiru muna jin numfashin juna har wayar ta yanke.

Wata rana ta ce, "Shekaranjiya an yi iska a nan, har ta yaye wa mai agogo rufi."

Na ce ai mu wajenmu lafiya lau, ruwa kwance kamar tabarma.

"Ni ban san haka ba sai yanzu," ta ce.

Daga wannan ba ta sake ɗauka ba.

Na ce Gwaggo ce ta karɓe wayar. Na ce wayar ce ta lalace. Mutum in yana son ya yaudari kansa, a teku akwai lokaci isasshe. Aka ƙara mana wa'adi, aka sake ƙarawa. Wata safiya na ɗauki hulata na ga gefen angar ya fara kore. Wallahi murna na yi. Har na riƙa ajiye ta inda iska za ta fi dukanta.

*

Ba mu jima da dawowa ba aka ɗaga ni. Kwamanda. Maigidana ya rungume ni ya ce bai taɓa ganin wanda amai ya kai shi ga muƙami ba sai ni. Aka ce in ba da hula a haɗa da ta sauran a kai ɗinki, na ce a'a, ina da mai yi mini.

Titin na nan yadda na bar shi. Mai aski ya hango ni ya ɗaga hannu, sai kuma ya shige shagonsa ya saki labule, shi da ba a taɓa ganin labulensa a sake ba.

Tana zaune a inda take zama. Ta yi 'yar ƙiba, fuskarta ta kwanta. Ta ɗago ta gan ni, allurar ta tsaya.

"Mai Sito. Ka dawo."

"Kwamanda dai," na gyara mata ina dariya, na ajiye hular a gabanta. "Layi ɗaya, ranki ya daɗe. Ki yi shi da kyau, Gwaggo za ta ƙirga."

Ta ɗauki hular. Ta daɗe tana kallon tambarin, ta kai yatsa kamar za ta shafa, ta fasa.

"Ka rame."

"Zan murmure. An ce wasu sun iya girki."

"Na yi aure," ta ce.

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Ƙasa ta fara yi mini irin rausayar nan, ga ni kuma a kan tudu.

"Yaushe?"

"An ɗan jima."

"Ba ki ko bari na..."

"Na faɗa maka. A kujerar nan kake zaune na faɗa maka." Idonta ya cika. "Kuma na gwada, wallahi na gwada. Bayan tafiyarka na ce bari in duba ko da saura. Na koma ba na barci, na koma tsayuwa a taga. Rannan na ɗinka wa wani Kyaftin ganye a juye, ni da ban taɓa ba, sai da na farke shi duka. Na dubi ƙyallen na ce, wannan fa mutumin yana da rai ke nan. Ina ga in motar ta sake tsayawa?"

"Ai ga ni na dawo."

"Ka dawo. Amma Kwamanda ba ya zama a sito, kai ma ka sani. Jirgi za su ba ka."

Gaskiya ta faɗa. An riga an fara yi mini maganar, har na yi godiya.

"Da ka koma ciki ranar nan," ta ce, muryarta na karyewa. "Na zauna ina kallon ƙofa har mai agogo ya rufe. Da ko leƙowa ka yi ka ce za ka yi tunani, da na riƙe wannan."

Na so in yi faɗa, in buga tebur, in tuna mata duk bokitin da na cika saboda ita. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To Allah ya sanya alheri. Gwaggo ta sami abin da take so. Layi biyu ya fi ɗaya, ko ni na san wannan. Ki dai roƙa mini shi ya daina tambayata barguna."

Ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga hannu. Ban so ta ba ni haƙuri ba, don na san in ta fara, kukan da nake dannewa zai fito a gaban mace da kaki a jikina. Na miƙe.

"Hular fa?"

"Ki ɗinka. Aiki na kawo."

"Zan yi maka irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba." Yanzu kuka take yi sosai, ba ta ko ɓoyewa. "Tambarin fa? In canza maka?"

"Bar shi."

Na fita kai babu hula, rana na dukan sanƙona. Hafsa cikin kaki babu hula a titi, laifin da ni kaina na sha hukunta na ƙasa da ni a kansa. Ina tafe ina tsara yadda zan sara wa Admiral gobe. Har na fara jin wani ɗan sanyi a raina: ko ba komai babban mutum ne ya kayar da ni, irin wanda duk wanda ya ji zai ce ai dole.

Mai aski ya fito ya kama hannun rigata, ya ce in shigo inuwa kafin in faɗi. Ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa. Shi ne ya faɗa mini, yana kaɗa kumfa a kofi, bai ɗago ya dube ni ba.

Admiral tun tuni ta mayar masa da turarensa. Gwaggo ta yi rigimarta ta gaji, ta sa albarka. Mijin malami ne a makarantar firamaren da ke ƙarshen titin, da ƙafa yake zuwa aiki, kuma ko hula ba ya sawa.